Daddawar da Na Aika Laberiya

Ɗana na fari soja ne. Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fitowa daga bakina ba, hannuna ma bai saba da shi ba. Haka muka tarar ana yi da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ana yaye shi uwar mijina ta goya shi ta tafi da shi Lakwaya, a can ya girma. Ita yake kira Inna har ta rasu. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. In maganarsa ta kama sai in ce na Lakwaya, kowa ya san wanda nake nufi.

Wanda ya san ni a Gwarzo zai yi mamakin a ce akwai mutumin da nake kasa yi wa magana. Daddawa nake yi ina sayarwa sama da shekara ashirin, kuma mai daddawa in ba ta da baki maƙwabta sai su kore ta a kan wari. Wani alhaji da ya sako mana kwatar gidansa ta ƙofarmu, a gaban baƙinsa na same shi na gaya masa abin da ke raina, washegari aka zo da magina. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jikoki, mata suka yi ta dariya, na ce su yi, ranar da aka ba su takardar asibiti za su neme ni. Sun kuwa neme ni. Amma na Lakwaya ya yi sallama ya shigo, sai harshena ya yi nauyi. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Yaya, ina kwana," in ce, "Lafiya," ina kallon tukunya. Ita ce hirarmu ta shekara talatin da uku. Matan dangi har misali suke yi da ni, musamman yayar mijina, wadda duk muke kira Gwaggo. Takan ce wa yara mata, "Ku dubi wance, duk bakin nan nata, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli ɗan farinta ba." Ni ma ina jin daɗin a faɗa, ba zan ɓoye ba.

Sai aka tura su Laberiya aikin kwantar da tarzoma. Ya kawo matarsa daga bariki ta zauna a wajenmu da goyonta, ya yi wa ubansa sallama a zaure, ya leƙo ya ce mini, "Yaya, za mu tafi." Na ce, "Allah ya tsare." Tankaɗe nake yi a lokacin, ban ajiye rariya ba.

Bayan ya tafi wani abu ya kama ni wanda ban saba da shi ba. Ba kuka ba ne, ba kuma tsoro kaɗai ba. Son sani ne. Da yana Lakwaya na san irin tuwon da ake tuƙawa a gidan, na san rijiyar da suke sha. Da yana bariki a ƙasar nan, ko ban je ba na san dai cikin mutane irinmu yake. Wannan kuwa ƙasa ce da ban san ko ana shuka dawa a cikinta ba. In na hura wuta da safe sai in ce su ko wa ke hura musu. In na shanya kaya in ce ko suna da igiya. Ina suke fuskanta in za su yi salla? Ranarsu tana faɗuwa lokacin da tamu take faɗuwa? Na sa malamar ajinmu ta buɗe mini taswira, ta nuna mini wata 'yar ƙasa a manne da shuɗi, ta ce shuɗin nan duk ruwa ne. Na daɗe ina kallo. Yaron da ya tashi inda ruwa mafi girma shi ne kududdufin bayan gari.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira wayar Malam, mijina. Su daɗe suna magana, sannan Malam ya miƙo mini ya ce, "Ga shi zai gaishe ki." In karɓa in ce, "Lafiya lau. To madalla. Allah ya tsare," in mayar masa. Yana kashewa sai in tare shi.

"Malam, me ya ce suna ci a can?"

"Abinci."

"Na san ba ƙasa suke ci ba. Wane iri?"

"Ban tambaya ba."

"To duk daɗewar nan me kuke faɗa?"

"Ya tambayi gona. Na ce masa tsutsa ta taɓa masara."

"Mutum yana bakin teku kana ba shi labarin tsutsa."

"Ɗazu wayar tana hannunki. Wa ya riƙe miki baki?"

"Ka san abin da ya riƙe mini."

Sai ya ɗauki hularsa ya fita. Haka Malam yake, tela ne, yana iya wuni a kan keke bai ce uffan ba. Ni duk a zatona ɗansa halinsa ya ɗauko.

Matar na Lakwaya yarinya ce mai hankali, amma tana jin kunyata, ni ma ina jin nauyin in tambaye ta mijinta. Sai na samo dabara. In na ji wayarta ta yi ƙara in ce, "Ke, nuna mini ƙasar tasu in gani. Ƙasar nake nufi, ba shi ba." Ta sunkuyar da kai ta miƙo. A haka na ga ɗakinsu, na ƙarfe ne kamar kwantenar 'yan kasuwa, gadaje masu hawa biyu, kowanne da gidan sauro. Na ga takalma a jere kamar na masallaci. Na ga farar mota da shuɗiyar hula. Na ga wasu gwangwanaye a bakin ƙofa da shuka a ciki, na yi ta ƙura ido ban gane ko mene ne ba. Ƙasar ja ce kamar tamu, amma ciyawa ta fi mutum tsawo. Ina cikin kallon ƙasar idona ya zame ya sauka a kansa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar na yanke cewa abinci ne bai karɓe shi ba. Kuma a ganina na san maganin abin, domin akwai abu ɗaya da na sani game da cikinsa. Yana shekara bakwai aka kawo shi yawon Salla daga Lakwaya. Na yi tuwon dawa da miyar kuka, na zuba daddawa ba ƙyashi, wadda na yi da hannuna. Aka ajiye masa kwano a gindin bango. Ni ina madafa ina leƙe ta hujin zana. Ya cinye tas, ya suɗe kwanon, ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da shida ina riƙe da wannan. In an ce ɗan wance yana son alkaki, ɗan wance fura, a raina sai in ce nawa daddawata yake so. Duk zuwan da ya yi gidan nan bayan ya girma, miyar da nake aika masa zaure ke nan, kuma kwano a wanke yake dawowa.

Na aika ƙauyen Mainika aka samo mini kalwa mai kyau, sabuwar ɗorawa, ba ta bara ba. Na dafa ta har ta yi laushi, na surfa, na wanke sau uku, na rufe ta ta kwana uku tana nuna, na daka na mulmula na shanya. Ko ta sayarwa ban taɓa yi wa wannan hidimar ba. Na ɗura a gwangwanin madara babba, na toshe da leda, na haɗa da garin kuka. Matarsa ta san yadda ake aikawa ta bariki in an sami jirgi mai tafiya. Da na miƙa mata ta kalli gwangwanin ta kalle ni, ta buɗe baki ta rufe. Na ɗauka kunya ce. Bayan sati uku Malam ya ce, "Ya ce saƙo ya iso, an gode, Allah ya saka." Na ƙara aikawa. Na kuma ƙarawa. Sau uku.

Wata Laraba da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dogon saurayi ne a kan babur, ya ce shi ɗan Kabo ne, kofur, ɗakinsu ɗaya da ɗana a can, an ba shi hutun kwana goma mahaifinsa ba lafiya, saje ya ce lallai ya biyo ya gaishe mu. Sajen shi ne na Lakwaya. Malam ya tafi shago. Na ce a shigo da shi tsakar gida, na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, na dama masa fura. Muka gaisa, ya gida, ya mai jiki, ya hanya, ya mutanen Kabo, ya damina. Ina gaisawar ina jin kamar in tsallake ta. Wannan dai ba ɗan farina ba ne, ba abin da zai hana ni tambayarsa.

"Ɗana, sha furarka, don ba za ka tashi da wuri ba. Me kuke ci?"

Ya yi dariya. "Inna, shinkafa. Safe shinkafa, rana shinkafa. Mutanen can in ba su ci shinkafa ba cewa suke yi ba su ci abinci ba, ko da sun cinye akuya."

"Da wace miya?"

"A sansani kukunmu yana yi mana irin ta gida, in ya ga dama. In ka fita gari kuwa ganyen rogo ne. Su daka shi lilis, su zuba manja har ya yi iyo, su sa kifi da barkono."

"Ganyen rogon da muke bari a gona?"

"Shi fa. Ranar farko na ce wallahi ba da ni ba. Yanzu in na kwana biyu ban ci ba har nema nake."

"Ruwa fa? An ce ana yi kullum."

"Inna, ba ki ga ruwa ba. A yi kwana huɗu ba a ga rana ba. Ka wanke kaki ka shanya, ya yi kwana uku yana ɗiga. Ka ajiye takalmi ƙarƙashin gado, ka janyo shi ka ga ya yi furfura."

Na tambaye shi wa ke yi musu wanki, ya ce kowa da hannunsa. Na tambayi masallaci, ya ce suna da na langa-langa a sansani, ran Juma'a kuma akwai Musulmi a garin, har da Fulani masu shaguna, a wajensu suke sayen burodi. Na tambayi teku, ya ce ba ta yin shiru ko na minti ɗaya, kuma ruwanta ba ya kumfa da sabulu. Ya ce ya ga bishiyar goro da idonsa, ya tsinka ya ɓare a gindinta. Na ce ya sake faɗa. Shekarata hamsin da biyu ina cin goro ban taɓa tunanin yana da uwa ba. Ya kwatanta mini ganyenta da hannu, da yadda 'ya'yan suke kwance a cikin kwanso.

Can na gyara zama na ce, "To shi wancan ɗin, ya yake a can?"

"Oga saje? Ai Inna kin fi ni saninsa."

"Ka faɗa dai."

"Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Safa ma sai ya goge ta. Shayinsa ba sukari, citta ce zalla, in ka kurɓa sai ka yi hawaye. Ya cika mana ƙofa da gwangwanaye, zogale yake rainon shi a ciki, wai in ya girma zai dasa a bayan ɗaki ya bar wa masu zuwa bayanmu. Wanda maɓallinsa ya cire wajensa yake kaiwa, yana da allura da zare a cikin kwalin ashana. Da la'asar in ba mu da sintiri dara yake yi da murafen kwalba, kuma in aka cinye shi ba mai zaman lafiya a ɗakin nan sai an sake."

Ina ji ina gyaɗa kai kamar na sani. Ko ɗaya ban sani ba.

"Sai dai bakinsa," in ji shi. "Kai, Inna. Oga ba ya ɓoye magana. Ran nan kuku ya kawo wake da tsakuwa, kowa ya yi shiru yana tauna. Shi ya ɗauki kwano har gaban babbanmu, ya sara masa, ya ce ranka ya daɗe a taimaka a gwada wannan, in haƙori ya karye a san inda za a rubuta. Muka ce shi ke nan yau oga zai kwana a kulle a gadurum. Wallahi sai ga shi an canja mai tsince wake."

"Shi ɗin? Yana magana?"

"Magana? Inna, mu fa addu'a muke yi ya yi barci."

Na ajiye ludayin da ke hannuna. Ni da nake cewa halin ubansa ya ɗauko, mai shiru-shiru. Ashe bakina ne a kansa yake yawo da shi a ƙasar mutane, ni kaɗai ce ban taɓa jin shi ba.

Don in ɓoye fuskata sai na ce, "Daddawar tana isa dai ko? Ko a ƙara?"

"A ƙara, Inna, don Allah a ƙara. Ni da wani ɗan Sakkwato mun kusa dambe a kan ta ƙarshe. Tunda shi oga ko warinta ba ya so, da ta iso yake miƙo mana ya ce mu kai ta bayan ɗaki mu..."

Ya tsaya. Ya kalli kwanon fura. Ya kalle ni.

"Ƙarasa."

"Inna, ni fa an ce kada in faɗa."

"Ka riga ka faɗa. Ba ya ci?"

"Ba ya ci. Ko a miya ya ji ta sai ya ture. Ya ce tun yana yaro take tayar masa da zuciya. Don Allah kada ki ce ni ne, sai ya sa ni tsallen kwaɗo daga nan har Kabo."

Na ce ya shanye furarsa. Na tambaye shi ranar komawa, ya ce Laraba mai zuwa zai bar gida. Na ce ya biyo kafin ya wuce, akwai saƙo.

Yana fita na kira matar ɗana. Ta zo ta durƙusa.

"Ke, kina sa wa mijinki daddawa a miya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"A'a, Inna."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun satin da aka kai ni."

"Kika karɓi gwangwani sau uku daga hannuna kika aika?"

"Ya ce in na faɗa miki bai yafe ba."

"To kwanon da nake aika masa zaure, wa ke cinyewa?"

"Shi yake ci. Sai ya sha ruwa da yawa a kai."

Da Malam ya dawo azahar ban bari ya cire takalmi ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai kowa ya sani, marigayiya uwar tasa ma tukunyar yaron daban take yi masa a Lakwaya. Na ce shekara ashirin da shida kuna kallona ina wahalar da yaro, ba mai gaya mini, ni da ba wanda nake ɓoye wa gaskiya a garin nan? Ya ce, "Kin taɓa tambaya?" Na ce wa zan tambaya, ya ce mai cikin. Ya shige ɗaki.

Kwana biyu ina aikina ina juya abin. Ba daddawar ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ɗan Kabo, wanda ya san shi wata takwas, ya san yadda yake shan shayi, ni da na haife shi abu ɗaya na riƙe kuma shi ma ba haka ba ne. Kuma yana inda ake riƙe bindiga. In aka zo aka yi sallama da Malam a zaure aka faɗi abin da ake faɗa, me zan ce na sani game da shi? Cewa ban taɓa kallonsa ba? Wannan Gwaggo za ta yaba, ni kuma in zauna da shi.

Baki dai na san ba zai iya ba. Sai na ciro takarda daga tsakiyar littafina na aji. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa kunyar ɗan fari ta hana rubutu, don waɗanda suka kafa ta ba su yi zaton irina za ta riƙe biro ba. Ban sa suna a sama ba. Na rubuta sallama, na rubuta cewa na ji labarin daddawa kuma kada a taɓa ɗan Kabo, ni na matsa masa. Sannan na jera tambayoyi. Me kake so ka ci. Me ya sa ba ka faɗa ba. Wa ya koya maka ɗinki, tunda ba a gaban ubanka ka tashi ba. Ka shiga tekun ko kallo kake yi. Na yi ta jerawa har takardar ta cika, na juya baya. Na ninke na sa a ambulan, na liƙe da ƙullun koko don kada kofur ya leƙa. Shi kuma na cika masa gwangwani biyu na daddawa, na ce nasa ne da ɗan Sakkwato, su daina dambe.

Juma'a biyu suka wuce. Ya kira Malam, aka miƙo mini, ya gaishe ni na amsa kamar kullum. Bai tayar da maganar takardar ba, ni ma ban tayar ba. Na ce a raina ko takardar ta jiƙe a ruwan nan nasu, ko kuwa ya karanta ya ji kunya ta kama shi a madadina.

Ran wata Talata muna wankin kalwa a tsakar gida. Aiki ne mai son hannu da yawa, don haka akwai mata huɗu na maƙwabta, ga kuma Gwaggo ta zo wuni tana zaune a kan kujera tana ba da umarni. Wayar matar ɗana ta yi ƙara a ɗaki. Jim kaɗan ta fito tana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, ta durƙusa a gabana.

"Inna, shi ne. Ya ce a ba Yaya."

"Malam ba ya nan," in ji Gwaggo. "Ki ce masa ya kira in ubansa ya dawo."

"Ya ce ba Baba yake nema ba."

Hannuwa suka tsaya a cikin ruwa. Ina jin idon Gwaggo a gefen fuskata. Na san in na ce lafiya lau Allah ya tsare na mayar, an wuce wurin, gobe ma a yi misali da ni. Na goge hannuna a zane na karɓa.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Na ga takarda."

"To."

Ina jin iska tana bugun wayarsa.

"Wa ya rubuta miki?"

"Wa zai rubuta mini? Hannuna ya karye ne?"

Sai na ji ya yi dariya, gajeriya, ya haɗiye ta. "Tambaya goma sha ɗaya ce, Yaya."

"Ka ga ta yi yawa? Ta shekara talatin da uku ce. Fara da ta biyu. Me ya sa ba ka faɗa ba, ka suɗe kwanon nan ran Salla?"

"Kin tuna wannan?"

"Ni nake tambaya."

"Inna ce ta ja mini kunne tun a hanya. Ta ce in na rage ko loma ɗaya za a ce ta sangarta ni, ta hana ni cin abincin gidanmu. Da na girma kuma na ga ke kike aikowa, ya zan dawo miki da shi?"

"Sai ka yi ta shan ruwa kamar raƙumi. Kai da aka ce ka kai wa babbanku wake har gabansa."

"Ɗan Kabo ya faɗi wannan ma? Zai gamu da ni."

"Na ce kada a taɓa shi."

Gwaggo ta yi gyaran murya. Ta ce, ba da ni take ba, da matan take, "Abin da boko yake yi ke nan. A tsufa a zubar da kara a gaban suruka." Na ji ta sarai. Na jawo turmi na kifa na zauna, na ba ta baya.

"Ina jinka. Me kake so ka ci?"

Ya ce daga gida ƙuli-ƙuli, mai tauri, irin wanda ake jin ƙararsa, da yajin citta wanda ba a sa masa komai ba. Amma in gaskiya nake so, abin da ya fi so a duniya yanzu kifin teku ne, wanda aka fito da shi yanzu-yanzu, a tsaga shi a shafa barkono da lemon tsami a gasa a kan gawayi a bakin ruwan. Na ce wannan ba ni da shi, ban ma taɓa ganinsa ba. Ya ce ya sani. Ɗinki kuwa Inna ce ta koya masa da idonta ya fara rauni, shi yake zura mata zare, daga nan ya karɓi allurar. Teku ya shiga sau ɗaya, iya gwiwa, ta janye ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, bai sake ba. Muna nan aka busa musu wani abu, ya ce ana kiransu.

"Saura bakwai," na ce.

"Sai Juma'a."

Da na juyo Gwaggo ta riga ta yafa mayafinta. Ba ta tsaya cin abinci ba. Kafin sati ya zagayo labari ya kai Lakwaya ya kai garin Jama'a, cewa wance ta zauna a kan turmi tana hira da ɗan farinta har da dariya. Daga ranar ba a sake misali da ni ba, kuma Gwaggo ta yi wata uku ba ta tako gidan ba. Ya dame ni, ba zan ce bai dame ni ba, mace ce da na girmama tun ina amarya.

Ran Juma'a ya kira. Tambaya ta biyar ita ce wadda na fi daɗewa kafin in rubuta, har biro ya huda takardar. Na tambaye shi ko yana jin tsoro a can.

Ya ce, "Wani lokaci, Yaya. In muka shiga daji sintiri ana ruwa, ba ka ganin motar da ke gabanka."

"To me kake yi?"

"Addu'a. In ta ƙare kuma in yi waƙa a cikina."

"Wace waƙa?"

"Wata ce da Inna take yi in tana niƙa."

"Yi mini in ji."

"Haba Yaya, akwai mutane a nan."

"Nan ma akwai. Ga ubanka ya ƙura mini ido."

Ya yi ƙasa da murya ya fara. Na san waƙar, duk matan Lakwaya na wancan lokacin suna yin ta a kan dutsen niƙa. Ya tsallake baiti guda, ya sa na ƙarshe a tsakiya, kuma muryarsa ba daɗi ko kaɗan. Ban gyara masa ba, na saurara har ya kai ƙarshe.